Sallama a Baƙin Allo

Akwai kalmomi biyu da nake ji kusan kowace rana: babu netwok. Mai POS na bakin titi yana faɗa, ma'aikacin banki yana faɗa ta bayan gilashi, yaron da ke buga rasit a shago yana faɗa ba tare da ya ko ɗago kai ba. Duk wanda aka gaya wa sai ya yi ajiyar zuciya ya nemi benci, kamar an ce masa hadari ya haɗo a gabas. Mun ɗauki abin tamkar yanayi, shi ya kawo kansa, shi zai tafi da kansa, mutum ba shi da abin yi sai haƙuri. Ni kuwa sana'ata haɗa kwamfutoci ce a shaguna da ƙananan ofisoshi, kuma shekarun da na yi ina jan waya ta cikin silin sun nuna mini cewa cututtuka da yawa ne ke kwance a ƙarƙashin kalmomin nan, waɗanda ko kakanni ba su haɗa ba. Sunansu ne kawai ɗaya a bakin mutane, yadda ake kiran kowane zafin jiki zazzaɓi.

Abin da nake tantance su da shi wata 'yar manhaja ce da ake kira netcat, wadda ake taƙaita sunanta da haruffa biyu, nc. Ba ta da hoto, ba ta da wurin dannawa. A baƙin allon nan ake kiranta, inda ba ka ganin komai sai ɗan layi yana ƙiftawa, yana jiran ka rubuta umarni. Ka ba ta adireshin wata na'ura da lambar ƙofa, ta je ta yi sallama, ta dawo ta gaya maka abin da ta tarar. Aikinta ke nan.

Wata safiyar Litinin aka kira ni wani shagon sayar da magunguna na sari. Kwamfutoci uku ne a kan kanta, ta huɗu kuma tana ɗakin baya tsakanin kwalayen ruwan allura, ita ce babbar, ita ke riƙe da lissafin kaya da farashi. Na tarar da layi har waje, yaran shago sun koma rubuta rasit da biro, Alhaji mai shagon yana tsaye da waya a hannu.

"Malam, netwok ɗinmu ya ɗauke tun da muka buɗe. Na sa an sayi data, an sake saye, har yanzu shiru."

Na ce, "Alhaji, a ba ni minti goma."

Tun kafin in buɗe jaka na lura ɗaya daga cikin yaran yana sauraron saƙon murya a WhatsApp, kuma da Wi-Fi ɗin shagon yake amfani. Intanet lafiyarsa lau ke nan. Dama can kwamfutocin kan kanta ba su da wata hulɗa da intanet a aikin rasit, da ta ɗakin baya suke magana ta cikin wayar da na ja da hannuna, tazarar da ba ta kai taku ashirin ba. Na jona kwamfutata, na fara da ping, wanda wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ya rubuta a 1983, ya raɗa masa sunan ƙarar da jirgin ƙarƙashin teku ke aikawa ya saurari dawowarta. Ping ya amsa nan take. Babbar kwamfuta na kunne, waya ba ta tsinke ba, ɓera bai ci ta ba. Amma ping iyakarsa ya gaya maka akwai gida a wurin, ba ya sanin ko ɗakin da kake nema a buɗe yake. Sai na rubuta:

nc -vz 192.168.1.10 3306

Lambar farko adireshin babbar kwamfuta ce a cikin shagon, ta biyu kuma ƙofar da rumbun bayanai na MySQL ya saba zama. Harafin v na nufin ki faɗa mini abin da kika gani, z kuma ki yi sallama kawai, kada ki shiga da kaya. Yatsana bai gama tashi daga Enter ba amsa ta fito: Connection refused. An ƙi.

Raina ya yi fari da na ga wannan, kuma na san duk wanda ya leƙo kafaɗata a lokacin zai yi mamakin mutumin da aka ƙi yana murmushi. Na shiga ɗakin baya, na zauna a kan kwali, na yi tambayar daga cikin babbar kwamfutar kanta, da adireshin da kowace kwamfuta ke kiran kanta da shi, 127.0.0.1. Nan kuwa aka amsa: succeeded. Rumbun yana raye, yana saurare, sai dai kansa kawai yake sauraro. Da na tambaya aka ce ranar Asabar da yamma wani ya zo ya sabunta manhajar, sabuntawar kuma ta mayar da fayil ɗin saiti yadda ya fito daga wurin masu shi, da layin da ke cewa kada a amsa wa kowa sai 'yan cikin gida. Layi ɗaya na gyara, na kashe rumbun na tayar, na leƙa na ce wa yaron kanta ya sake gwadawa. Firinta ta yi ƙara, rasit ya fito. Ana zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa.

Alhaji ya dubi allon kanta, ya dube ni, ya ce, "To, Malam, me ya hana ta faɗa mana haka tun da safe?"

Tambayar nan ta daɗe tana cina, domin tana kan gaskiya. Kwamfutar kanta ta san an ƙi ta. Amsar da na gani ita ce ainihin wadda ta yi ta samu tun safe, sau ɗari ko fiye. Wanda ya rubuta manhajar shagon ne ya tattara duk irin amsoshin da za a iya samu, ya zuba su a kwando ɗaya, ya rufe da jan akwati mai cewa an kasa haɗuwa, a duba intanet. Na fahimci niyyarsa, ba ya son ya tsorata mai shago da kalmomin da bai sani ba. Amma da wannan ladabin ya sa mutum ya sayi data sau biyu ya ɓata rabin ranar ciniki. Ina ganin raina mai amfani ne a ɓoye masa bambancin da ko yaro ya san shi, wato bambancin a ce maka ba ya nan da a yi maka shiru.

Kowane adireshi a netwok gida ne mai ƙofofi 65,536, an jera su daga 0 zuwa 65535. Yawan ya fito ne daga gurbin da aka ware wa lambar, wanda ke ɗaukar ɗigon lissafi 16, ba ya iya ƙirga fiye da haka. Turawa na kiran su port, wato tashar jirgin ruwa, amma ƙofa ta fi zama a bakina. Yawancinsu a rufe suke, ba kowa a bayansu. Kaɗan ne ke da mai zama: shafukan yanar gizo a 80 da 443, aika imel a 25, neman adireshi daga suna a 53, shiga kwamfuta daga nesa a 22. Idan wata na'ura za ta yi magana da wata ta tsarin TCP, wanda Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa tushensa a 1974, ba ta fara zuba bayani sai an yi musaya uku. Ta farko ta ce ga ni, ina neman shiga. Ta biyu ta ce na ji ki, bismillah. Ta farko ta ce na ji kin ji. Daga nan hira ta buɗe. Duk shafin da ka taɓa buɗewa ta wannan tsari, duk kuɗin da ka tura, sai da aka yi wannan 'yar gaisuwa a zaure, cikin ƙasa da ƙiftawar ido.

To, ka je gidan aboki ka yi sallama. In ya fito, shi ke nan. In yaro ya leƙo ya ce Baba ba ya nan, ba ka samu biyan buƙata ba, amma dubi abin da ka sani yanzu: unguwar ce, gidan ne, muryarka ta kai ciki, akwai mai rai da ya ji ka har ya mayar da magana. Abin da ya rage ƙarami ne, ka san ina maigidan ya tafi. Connection refused ke nan. Kwamfutar can ce da kanta ta turo ɗan saƙo cewa ba kowa a wannan ƙofa, kuma isowar saƙon shaida ce cewa hanya lafiya take zuwa da dawowa. Shi ya sa amsar ke fitowa da sauri, shi ya sa kuma nake farin ciki da ita. Ta yanke mini kashi tara cikin goma na wuraren da zan bincika.

Shiru ne mai wuya. Ka rubuta umarni, ɗan layin ya sauka ƙasa ya tsaya yana ƙiftawa. An koya mana tun muna yara cewa sallama sau uku ce, in ba a amsa ba ka juya. Kwamfuta ta fi mu naci. A Linux takan yi ta maimaitawa, tana tsawaita jira tsakanin sallama da sallama, har kusan minti biyu kafin ta haƙura ta rubuta Connection timed out. Ni ba na barin ta ta kai nan, ina ƙara -w 3 a umarnin, ta jira daƙiƙa uku ta dawo. An ce shiru ma magana ce, amma wannan shirun magana huɗu yake yi a lokaci ɗaya, ba ka san wadda za ka ɗauka ba. Wataƙila gidan ba kowa. Wataƙila ka ɓata hanya. Wataƙila sallamarka ta isa, an amsa, amsar ce ta ɓace a hanyar dawowa. Sau da yawa kuma akwai mai gadi a ƙofa, wato katangar tsaron da ake kira fayawol, wanda ya ji ka sarai amma an umarce shi kada ya tanka. Masu saita fayawol na da zaɓi biyu, ko ya ce ba a shiga, ko ya yi kamar ba ya nan. A ƙofar da ke fuskantar duniya na yarda da na biyun, ɓarawo bai cancanci bayani ba. A cikin ofis kuwa, tsakanin kwamfutocin ma'aikata ɗaya, na fi son mai gadin ya buɗe baki, domin wanda zai sha wahalar shirun nan gaba ɗan gida ne, ko ni.

Wanda ya rubuta netcat ya sake ta a 1995 da sunan aro, Hobbit, kuma fitowar da aka fi sani, mai lamba 1.10, ta watan Maris ce na 1996. Sunan netcat ya samo asali daga wani tsohon umarni na Unix da ake kira cat, wanda ke karanta abu ya zubo shi yadda yake, ba ƙari ba ragi. Ya ɗauki wannan hali ya kai shi netwok: abin da ka rubuta shi za ta aika, abin da aka turo shi za ta nuna. Masu wannan sana'a a ƙasashen waje na kwatanta ta da wuƙar sojan Suwizalan, 'yar jar wuƙar nan mai naɗewa da ke ɗauke da almakashi da mabuɗin kwalba. Ni ta fi yi mini kama da fitilar gwajin wuta ta mai gyaran lantarki, wadda yake saƙalewa a aljihun riga, ya taɓa waya ya ga ko za ta kama. Daga baya mutanen OpenBSD sun sake rubuta tasu, ita ce ke zuwa a Ubuntu da kwamfutocin Apple, masu Nmap ma sun yi tasu mai suna Ncat. Wannan yawan 'ya'ya na da ɗan ciwon kai, domin umarnin da ya yi aiki a wannan kan ƙi a waccan. Tsohuwar tana son ka rubuta -l -p kafin lambar ƙofa in za ta yi saurare, ta OpenBSD kuma -l kaɗai ya ishe ta. Mai Windows da ba ya son saka komai yana da Test-NetConnection a cikin PowerShell, tana yin wannan sallamar, ko da yake ba ta zama hira.

Lambobin ƙofofin ma mutane ne suka raba su, da hannu. Shekaru da yawa wani malami a Kalifoniya, Jon Postel, shi ke riƙe da rajistar, har ya rasu a 1998. A shekarar da netcat ta fito wani ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ya rubuta SSH, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, bayan an kama ana satar kalmomin sirri a netwok ɗin jami'arsu. Ya duba ya ga 21 ta FTP ce, 23 ta telnet ce, manhajojin da yake son tasa ta maye gurbinsu, 22 kuma ba kowa a tsakaninsu. Ya aika imel ya roƙa, aka ba shi. Ina tuna wannan duk lokacin da na rubuta nc da 22 na ga kwamfutar can ta fara gabatar da kanta kafin in ce uffan, layi ɗaya mai farawa da SSH-2.0. Ƙofar 25 ma haka take, da ka shiga za ta tare ka da lamba 220 da sunanta, ta jira ka gaishe ta da HELO. Waɗanda suka gina waɗannan abubuwa sun yi su ne yadda ɗan Adam zai iya zama ya karanta da idonsa ya amsa da yatsunsa, kuma na ga amfanin wannan shawara tasu fiye da sau ƙirga.

Firintar rasit ce ta koya mini kada in cika yarda da ping. A wani gidan abinci ne, an ɗauke wuta da daddare har inbata ta mutu, da safe komai ya tashi sai firintar kicin ta ƙi karɓar oda. Na yi ping ga adireshinta, aka amsa. Na yi nc ga ƙofa 9100, wadda yawancin firintocin netwok ke saurare a kai, aka ce refused. Firinta da ke kunne ba ta rufe 9100, don haka na tsaya ina tunanin to wa ke amsa mini? Na kashe ta, na danne maɓallin fitar da takarda, na kunna ina riƙe da shi. Irin waɗannan firintoci in aka yi musu haka sukan buga 'yar doguwar takarda mai ɗauke da bayanin kansu. Ga adireshinta nan a rubuce, ya ƙare da 107, alhali kwamfutar kanta na aika oda zuwa 103. Da rauta, akwatin da ke haɗa na'urorin gidan, ta tashi bayan wuta ta dawo, sai ta raba adireshi ga wanda ya riga zuwa, kuma wanda ya riga zuwa wayar wani mai wanke-wanke ce da ke caji a bayan firji. Tun safe ana aika wa wayarsa odar shinkafa da miya, ita kuma tana cewa ba nan ba ne.

Kafin in taɓa saitin komai na so in tabbatar. Na rubuta nc da sabon adireshin da 9100, ban sa z ba a wannan karon. Allo ya yi tsit, alamar an buɗe. Na rubuta sannu da aiki, na danna Enter sau huɗu ko biyar don takarda ta turo. Daga cikin kicin na ji ƙirrr, sai muryar mai girki: "Wa ke gaishe mu ta firinta?" Ba direba, ba manhajar gidan abincin, ba komai tsakanin yatsuna da takardar sai waya. Bayan nan na ɗaure wa firintar adireshi ɗaya a rauta, yadda ko wuta ta ɗauke sau goma ba mai ƙwace mata shi.

Akwai kuma ranar da ake cewa intanet ya tafi alhali suna ne kawai ya ɓace. Wannan gwajinsa daƙiƙa biyar ne. In nc ta isa 1.1.1.1 a ƙofa 443 da lamba, amma ta kasa isa wani shafi da sunansa, to hanya na nan, mai fassara suna zuwa lamba ne ya kwanta, sai a sauya shi. In kuwa kwamfutocin gida na amsawa amma duk abin da ke waje shiru ne ko ja da ciki, matsalar ta wuce shagonka. Haka aka wayi gari ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanonin waya suka shiga wahala daga Abijan har Legas. Ranar kam babu netwok ɗin gaskiya ne, kuma abin da na iya yi wa masu kirana shi ne in ce kada su taɓa rautarsu, ba ita ba ce.

Alhajin magunguna ya sake kirana bayan wata biyu. Ya buɗe reshe a wata unguwa, yana son kwamfutar can ta riƙa duba kaya a babbar ta nan. Wani ya riga ya buɗe masa 3306 a rauta, amma abu ya ƙi. Na gwada daga reshen, shiru. Na shiga rautar babban shago na duba adireshin da kamfanin waya ya ba ta, ya fara da 100.64, kuma bai yi daidai da wanda duniya ke ganin shagon da shi ba. Nan na gane. Adireshin tsohon tsari, IPv4, bai wuce kusan biliyan 4.3 ba, kuma babban rumbun da ake rabawa daga ciki ya ƙare tun Fabrairun 2011. Saboda haka kamfanonin waya kan tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai ƙofar waje ɗaya. Kai kana iya fita ka je ko'ina, a kuma biyo ka da amsa. Amma baƙon da ya zo daga waje da kansa ba ya samun wanda zai nuna masa ɗakinka.

Na gaya wa Alhaji cewa wannan shirun rahama ce, domin da ƙofar ta buɗu, da lissafin shagonsa na fuskantar duk duniya. Bai gamsu ba. "Wa ya san da ni, Malam? Wa zai bar bankuna ya zo shagon magani?" Na ba shi labarin gwajin da na taɓa yi. Na yi hayar wata ƙaramar kwamfuta a ƙasar waje, sabuwa fil, ba wanda na ba adireshinta, na sa nc ta saurara a ƙofa 23. Ban gama shan shayi ba wani ya shigo. Ba mutum ba ne, manhaja ce da ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya tana taɓa ƙofofi, ba ruwanta da waye kai. Da irin wannan yawo ne cutar Mirai ta kama dubban kyamarorin tsaro da rautoci a 2016, tana gwada musu kalmomin sirri kusan 60 da masana'anta ke sakawa mutane ba sa canzawa, sannan aka haɗa su aka afka wa kamfanin Dyn ranar 21 ga Oktoba, har Twitter da Netflix suka yi wuyar samu a Amurka. Na nuna masa akwatin kyamarorin shagonsa da ke saman kabad, na tambaye shi ko an taɓa canza kalmar sirrinsa. A ranar muka canza, muka rufe 3306 a rauta, muka haɗa shagunan biyu ta ɓoyayyar hanya ta VPN.

Ita kanta netcat ana iya yin ɓarna da ita, kuma mai ita bai ɓoye ba. Akwai wani zaɓi, -e, da ke miƙa wa wanda ya shigo ikon ba kwamfutar umarni. Hobbit ya kulle shi yadda sai ka kunna da gangan, ya kuma sa wa makunnin suna GAPING_SECURITY_HOLE, wato wagegen ramin tsaro, don kada wani ya ce bai sani ba. Mutanen OpenBSD sun cire shi gaba ɗaya. Har yau wasu manhajojin rigakafi na Windows na yi mata kallon ɓarauniya saboda shi. Yaran da ke koyo a wurina abu na farko da nake gaya musu shi ne su gwada a kan abin da yake nasu ko wanda aka ba su izini. Bin ƙofofin mutane ana murɗa mariƙi ba sallama ba ce, kuma dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba.

Tana da iyaka, kuma gara mutum ya san ta. Succeeded na nufin an buɗe ƙofa, ba ya nufin wanda ke ciki lafiyarsa ƙalau. Na sha ganin rumbun da ke amsa sallama alhali faifansa ya cika, ba ya iya ajiye ko layi ɗaya. A tsarin UDP kuma, inda ba a yin gaisuwar nan ta uku, aika saƙo kamar jefa takarda ne ta kan katanga, in ba a jefo maka ita ba nc kan ɗauka an karɓa, don haka ba na rantsuwa da amsarta a nan. Ƙofa 443 za ta buɗe maka, amma hirar ciki a kulle take, sai ka nemo openssl ya yi maka tafinta. Ina kewar lokacin da mutum ke rubuta GET a ƙofa 80 ya ga shafi ya zubo masa a fili, amma ba zan so kuɗin kowa su bi hanya a fili haka ba.

A hutun da ya wuce ɗan yayata ya zauna a wurina, ɗan shekara goma sha huɗu, mai yawan tambaya. Wata yamma na ajiye kwamfutoci biyu, ɗaya a ɗaki ɗaya a tsakar gida, kowace na jona ta da waya zuwa rautar da ba ta da data ko kaɗan. A tawa na rubuta nc -l 4444, ta zauna tana saurare. Na rubuta masa adireshina a takarda, na ce ya je ya kira. Ya yi kuskure ya sa 4445, ya ƙwala mini kira daga waje: "Kawu, ta ce refused!" Na ce to me ka sani yanzu? Ya yi ɗan jim. "Kana nan, ƙofar ce ba ita ba." Ya gyara. Can sai ga rubutu a allona: Kawu kana gani na? Na amsa masa. Muka yi ta hira, shi yana dariya a tsakar gida don ya ga magana na tafiya ba data, ba WhatsApp, ba kowa a tsakani.

Sai na miƙa hannu na zare wayar da ke bayan kwamfutata, ban gaya masa ba. Ina jin ƙarar madannansa daga waje, allona kuwa ba abin da ya motsa. Nasa ma bai nuna masa wani kuskure ba, kwamfutarsa na ta sake aika abin da ya rubuta tana jiran a ce an karɓa. Na ƙirga ashirin a zuciyata, na mayar da wayar, 'yar koriyar fitilar ta kama. Daƙiƙa kaɗan suka wuce ba komai. Sai layuka uku suka faɗo a tare, a jeren da ya rubuta su: Kawu? Kawu ka yi shiru. Mama ta ce a zo a ci tuwo.